Tukwanen Bu Warsinah

Katangar gora ce kawai tsakanina da Bu Warsinah, wato Inna Warsinah, ungozomar ƙauyenmu na gindin dutsen Merapi, don haka duk naƙudar da aka yi a ɗakinta da ni aka yi. Shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa. Gajeriya ce, ga murya kamar ta mai tallan kifi. Nakan ce mata wata rana za a rikice a yi mata wankan jarirai.

In mabiyiya ta faɗo, sai ta juya ta, ta tabbatar ta fito cif, ta sa a tukunyar ƙasa ta miƙa wa uban. Shi zai wanke, ya binne a bakin ƙofa, ya kunna mata fitila kwana talatin da biyar, kamar yadda aka yi wa kowannenmu, don a wurinmu mabiyiya ƙanen jariri ce.

Sai ga jami'in lafiya daga gunduma, Pak Sudarmaji, wato Malam Sudarmaji, takalmi sai sheƙi. Wai mabiyiya shara ce, a ƙulle a leda a kai a ƙona, in ba haka ba zai cire takardar izininta daga bango.

Ta ce, "Pak, ƙanen jaririn kake kira shara? Ka taɓa riƙe ta a hannunka?"

"Doka ce, Bu."

"Ina da masu yi mini doka. Ƙungiyar ungozomomi ce ta san aikina, ita za ta hukunta ni."

Na leƙo ta katanga na ce, "Pak, taka a leda aka sa? To, shi ya sa!"

Ran Laraba ungozomomi goma sha huɗu suka iso a babura. Suka ba jami'in kujera da shayi can gefe, suka shiga binciken kayanta. Tukunya dai suka ce ba laifi. Amma suka gano ba murfi take miƙa ta, iyaye maza kuma a rafin da muke wanka suke wankewa. Shugabarsu ta dakatar da ita mako uku.

Jami'in ya miƙe zai ɗauki takardar. Bu Warsinah ta hau kujera ta riga shi ciro ta daga bango, ta ɗora ta a hannun shugabar.

Ta ce, "Wannan hannun ya san jini, Pak. Naka biro ya sani."

Mako ukun nan a barandata ta yi su, tana cinye mini soyayyen tempe, wainarmu ta waken soya, wai gishiri ya yi yawa. Ran da aka mayar mata da takardar, ta aika wa maginiya saƙo: tukwane arba'in, kowace da murfinta.