Neman Hannun Da Ya Zana Munduwar Gwaggo Asabe

Daga Birni zuwa bakin kogi

Tun kafin kiran sallar farko na ɗaura wa jakina mangala, na naɗe munduwar Gwaggo Asabe a tsumma na soke cikin lalita. Na leƙa in yi mata sallama na tarar idonta biyu. Ta ce, "Audu, in yawon shan fura za ka, ajiye mini abata." Na ce, "Gwaggo, biyu zan kawo miki." Ta ce, "Haka ka ce da bazara."

Gaskiyarta. Ni maƙerin fari ne, azurfa da tagulla nake ƙerawa, kuma a unguwarmu ba na yi wa kowa ƙasa da murya a kan sana'a. Gwaggo ita ta rene ni. Mundayen nan biyu ne, marigayi mijinta ya saya mata wurin fataken gabas shekara talatin da wani abu, ɗaya ta faɗa rijiya, aka yi yasa ba a gan ta ba. Tun da ciwo ya kwantar da ita ba ta da zance sai na son ganin hannayenta biyu da mundaye kamar da. Na bugi ƙirji na ce kwana bakwai zan ƙera mata irinta. Sau uku ina zubawa, ina zanawa, ina narkarwa. Zubin ba komai ba ne, zanen ne ya gagare ni: wani yaɗo ne irin na duma, yana lanƙwasa yana zagaye munduwar ba tsayawa. Ni kuwa da kurfi nake zane, wato ɗan ƙarfe mai kaifin baki da ake bi da guduma, kowace lanƙwasa tawa sai ta fito da gargada. Jikin Gwaggo kullum ƙara baya yake, shi ya sa na ce gara in je in nemo mai hannun.

A bakin Ƙofar Mata muka yi asuba muna jiran a buɗe, ni da wasu fatake masu goro da za su Gaya. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, raina fes kamar an aike ni karɓo kyauta. Azahar a Gano, muka sha fura mai yaji. Rana na faɗuwa muka iso bakin kogi, 'yan fito sun ɗaure jiragensu, dole muka kwana a wannan gaɓar.

Wudil zuwa Gaya

Da hantsi muka shiga jirgi, kowa ya ba da 'yan kuɗin fito. Jakina aka ɗaura wa igiya yana iyo a bayanmu, yana harara ta kamar ni na haƙa kogin. Na ciro lalitar na cusa a hula na dafe da hannu biyu. Mai fito ya ce, "Malam, saki hular nan ka kama jirgi." Na ce, "In na faɗa ka fara tsamo hular." Duk jirgin aka kwashe da dariya, amma ni ba wasa nake ba.

La'asar sakaliya muka shiga Gaya. Tun daga nesa kunne ke gaya maka garin maƙera ka zo. Na sauka wurin Tanko, maƙerin da mahaifina ya sani, ya cika ni da tuwon dawa miyar kuka har da man shanu. Da safe na kwance tsumma a maƙerarsa. Mutum biyar suka ajiye aiki, munduwa ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, aka bar ƙarfe yana hucewa a kan uwar maƙera. Tanko ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana juyawa, sannan ya ce, "Wannan ba aikin garin nan ba ne, mu da guduma muke magana. Na Jibo ne, mutumin Toranke, in yana raye. Ka bi ta Ajingi, gobe kasuwarsu take ci, ba za ka rasa ɗan rakiya ba."

Wallahi ji na yi kamar in rungume shi da gawayin jikinsa.

Ajingi

Na fita Gaya da sassafe, rana ba ta kai tsaka ba na shiga kasuwar Ajingi. Gyaɗa sabuwar cira tuli-tuli, ga gero, ga shanu an jera a gefe. Na tsuguna gaban wata Bafulatana in sayi nono, ta miƙo ƙwarya, sai na tsaya da ludayi a hannu. Yaɗon nan ne a jikin ƙwaryar, shi ɗin dai, har da 'yar ƙugiyar da yake yi kafin ya juya.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baiwar Allah, wa ya sato zanen azurfa ya ɗora a ƙwaryar nono?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sata kuma? Inna Hajjo ce ta Toranke, matar Jibo maƙeri. Ƙoren rugarmu duk ita ta zana. Za ka sha ko in karɓi abata?"

Na sha, amma ina ta tausayin tsohon da ban taɓa gani ba. Na ce a raina, ka ga bawan Allah, ya ɓata shekaru yana fitar da zane, mai ɗakinsa tana leƙe tana rabar da shi a kan duma. Da kasuwa ta fara watsewa na bi wasu manoman Toranke, muka isa ana shirin magariba, mai unguwa ya ba ni masauki a zaurensa.

Toranke

Da gari ya waye aka kai ni wurin Baba Jibo. Tsoho ne tukuf, yana zaune a rumfar maƙerarsa, hannayensa suna rawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goro, na miƙa munduwar. Ya auna nauyinta a tafin hannu ya yi murmushi ya ce, "Zubina ne."

Na ce, "Baba, daga Birni na taso don ka koya mini zanen nan." Na zayyana masa halin da Gwaggo ke ciki. Don neman shiga kuma na ƙara da cewa na ga yadda ake wulaƙanta aikinsa a jikin ƙore.

Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ɗana, ni tun da nake ban taɓa jan tsaga ɗaya ta miƙe ba. Ni in zuba, ita ta zana. Fatake ne suke cewa aikin Jibo, mu kuma ba mu bi su da gyara ba." Ya juya wajen danga ya ce, "Hajjo, fito ga mai ƙararki."

Ta fito, 'yar siririyar tsohuwa, ashe duk ta ji. Ta ce, "Sannu da zuwa, ga ɓarauniyar." Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ba da haƙuri, na ciro munduwar da na zubo ba zane, na roƙe ta ta zana mini. Ta ce, "Idona ya daina ganin azurfa, ƙwarya ma da lalube nake yi. Kai za ka yi. Ina gudumarka?" Na nuna mata. Ta ce, "Mayar da ita mangala."

Ga abin da ban taɓa gani ba a duk maƙerun Birni. Ta liƙa wata tsohuwar munduwar tagulla a kan guntun icce da danƙo. Ta riƙe ɗan ƙarfenta mai kaifi da hannun dama, ta kafe hannun a gwiwa, ba ya motsi ko kaɗan. Hannun hagu ne ke juya iccen, munduwar ce ke zuwa ta sami ƙarfe, yadda take juya ƙwarya a cinya tun tana budurwa. Sai ga wani siririn zaren tagulla yana nannaɗowa daga bakin ƙarfen, tsaga tana lanƙwasa sumul. Na ce, "Inna, sake." Ta sake. Na ce, "Don Allah sake." Shekara ashirin ina korar ƙarfe a kan munduwa, ashe tsayar da shi ake yi.

Kwana biyu ta ajiye ni a kan sakaina, kwana uku a kan tagulla. Hannun damana ya ƙi zama, sai ya bi tsaga, ita kuma ta buge shi da ludayi. Ƙarfe ya zame ya tsaga mini yatsa. Kowace rana ta faɗi sai gabana ya faɗi, ina tunanin ko Gwaggo za ta jira ni. Na ce, "Inna, bari in hau azurfar haka nan." Ta shafa aikina da babban yatsa ta ce, "In ka kai mata wannan, ciwon zai ƙaru."

Rana ta shida ta shafa, sai ta miƙo mini azurfar. Daga hantsi zuwa la'asar ban ɗaga kai ba sai don salla. Da yaɗon ya zagayo ya haɗu da mafarinsa, daɗi ya cika ni, na miƙa mata. Ta bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe ta ce, "Wuri biyu ka tsaya numfashi, tsagar ta nuna. Ɗauki ka tafi, tana jiranka." Ban da goro ba abin da ta yarda ta karɓa.

Komawa gida

Kwana uku na yi a hanya, ko Tanko a tsaye na gaishe shi. Na shiga unguwarmu bayan la'asar ina kallon ƙofar gidanmu, da na ga ba taro sai na sauko daga jaki na yi hamdala.

Gwaggo ta rame ƙwarai, amma bakin yana nan. Na zura mata mundayen, ɗaya dama ɗaya hagu, suka yi mata yawa har gwiwar hannu. Ta lumshe ido tana shafa su, can ta taɓa ta hagu ta ce, "Wannan ce taka." Na ce, "Ita ce, Gwaggo." Na zauna ina jiran hukunci. Ta ce, "Ba tagwaye ba ne, amma uwarsu ɗaya. Kira mutanen gida su zo su gani."

Kwana goma sha ɗaya ta yi da su a hannu, ba ta yarda an cire ko ɗaya ba sai da masu wanka suka zo. Allah ya ji ƙanta. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan lokaci, na gode wa Tanko da Baba Jibo. Duk wanda ya ga yaɗon nan a aikina kuma, ya sani hannun Inna Hajjo ne ta Toranke.