Maƙwabciyarmu Mai Daddawa

Ranar wata Talata ce bayan Babbar Salla, shekarar da aka fara shari'a a jiharmu, ina 'yar shekara tara, ina tsugune a tsakar gidanmu na Daura ina wanke-wanke, sai Baba ya yi sallama da wani dillali, aka ce mata su shiga ɗaki. Kakanmu ya rasu, gidan kuma ba ya rabuwa tsakanin magada, aka tsaya a kan a sayar. Kason Baba shi ne zai sama mana matsuguni, in ya gaza sai haya. Dillalin ya ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rijiya, ya yaba kusancinmu da masallaci, har da cewa layinmu ba ya riƙe ruwa da damina. Sannan ya tsaya gindin katangar gabas ya ja hanci. "Malam Isa," in ji shi, "mai saye ba ɗaki yake fara dubawa ba, maƙwabta yake dubawa. Wannan warin kaɗai sai ya karya maka farashin gida."

Bayan katangar nan Gwaggo Hanne ce mai daddawa, mijinta ya rasu, da kalwa take riƙe marayu huɗu. Mu dai ba mu taɓa sanin wari ba ne, a cikinsa muka tashi. Katangar ta ɗan zube ta wani gefe, ta nan ake miƙo garwashi da rariya, ta nan kuma ake miƙa jariri in uwarsa tana daka. Ita ta yi wa Inna wankan jego duk haihuwarmu, kuma har lokacin Amarya take ce mata. Da yamma ni da 'yarta Saude muna carafke kusa da tukwanenta, in ta sauke kalwa mu taya ta tsince ɓawo, ta sallame mu da garin ɗorawa mu yi ta lasa har bakinmu ya koma rawaya.

Baba ya ce Inna ta je ta roƙe ta ta kashe wuta har masu ganin gida su zo su tafi. Kwana uku Inna tana juya maganar. Ranar da ta shiga ina biye da ita. Ta yi zancen tsadar gero, ta yi na ciwon ƙafa, ta sake komawa kan gero, daga ƙarshe ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, ranar Asabar za a zo ganin gida." Gwaggo ta dube ta, ta ɗan yi dariya. "Na gane, Amarya. Ai ni ma da hancina." Ta kwashe kalwarta ta kai wa ƙanwarta a Zango, ta share toka, ta kife tukwane. Kasuwa biyu ta wuce ta.

Mai sayen ya zagaya, ya ce unguwa ta yi masa. Aka yi ciniki, muka samu ɗan gida a bayan gari. Ba a yi wata huɗu ba labari ya iso mana: mutumin ya tada katangar da bulo, ya yi ta kai ƙara wurin mai unguwa cewa an ɓoye masa warin daddawa, har Gwaggo ta gaji ta kwashe yaranta ta koma ƙauye. Inna na tankaɗe aka faɗa mata. Ta ajiye rariyar, ta ce, "Da bakina na je na ce ta ɓuya." Saude kuwa ban sake ganinta ba.

Yanzu 'ya'yana in suna neman gida, kwalta suke tambaya da wutar lantarki, da kuma inda ba a jin motsin kowa. Zamaninsu ne. Sai dai na san Inna har ta koma ga Allah, in baƙo ya yaba sabon gidanmu, sai ta sauya zance. Mun samu wurin kwana, Gwaggo Hanne ce ta rasa nata.