Ranar da Kawu ya kashe mashin

Ina tafe a ƙasa a hanyar Faru bayan asuba, sai ga kawuna ya tsaya da mashin.

"Lafiya? Hau in kai ka, kar mutane su ce ka zautu."

Na ce, "Kawu, ba inda za ni. Ikon Allah nake kallo, ina tasbihi."

Ya harare ni, ya kashe mashin don ya yi mini faɗa da kyau. Sai kukan kurciyoyi ya cika wurin, iska tana kaɗa gero. Ya kasa kunne.

Can ya ce, "Subhanallahi! Kullum nan nake bi, ban taɓa jin su ba."

Tare muka ƙarasa bakin rafi, yana tura mashin.

Ku fa, yaushe rabonku da tafiya ba sauri?