Hoton Yaya Ladi Guda Ɗaya

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Ladi, mai sayar da lemo a kasuwar Zuba, kuma har yau in na ɓare lemo sai hannuna ya kai ƙasan haɓata.

Da harshe take ciniki. In mota ta sauke kaya, sai Yaya ta yanka guda ta tsotsa, ta ce wannan a auna, wancan a mayar wa mai shi. Sai kumburi ya fito mata a ƙasan muƙamuƙi. Da tsami ya taɓa bakinta wurin zai tashi kamar ƙwai, ya yi ta zugi. Ta daina ɗanɗanawa, ta fara sayen lemo marar zaƙi, masu saye suka fara wuce ta.

Kowa ya ce hangum ne. Hangum a mace mai jikoki? Aka shafa toka, aka shafa ƙasar gidan zanzaro, har wanzami ya zo da askarsa. Ni na tare ƙofa. Ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata, amma ban yarda ƙarfe ya shiga wuyan 'yar'uwata a makance ba.

A wani asibiti a Garki likita ya ce sai an yi hoto. Yaya ta miƙe ta ja mayafi. Ko ranar bikinta ba ta tsaya gaban mai hoto ba.

Ta ce, "Fuskar da na hana su tana da kyau, ita zan ba su da kumburi?"

Na ce, "Yaya, ba fuskarki suke nema ba. Wa zai so ta yau?"

Ta zage ni, sannan ta kwanta. Aka shafa mata wani abu mai sanyi, aka goga na'ura. Sai ga ta a allo, 'yar tsakuwa, ba ta kai ƙwayar lemo ba, ta toshe hanyar yawu. Ta cikin baki suka ciro ta, ba a tsaga wuya ba. Yaya ta koma rumfarta ta ci gaba da tsotsar lemo, har ajali ya zo ta wata hanya daban. Allah Ya jiƙanta.

Yanzu jikokinta ko shayi za su sha sai sun ɗauki hotonsa a waya. Da tana nan da ta kore su. Amma na san abin da zai fi ƙona mata rai: har yau ina ganin mata a Zuba da toka a wuya, ga na'ura a gari. Ni ba na wuce su, sai na tsaya na faɗa musu, ko sun ji haushi.

In jikokin suka ce in nuna musu hotonta, baƙar takardar hoton asibitin nan mai ɗigon fari nake ɗauko musu. Su ce ina fuskar? In ce ba ta bayar ba. Wannan ɗin ma sai da na sha zagi.