Muryoyin 'Yan Masaƙa a Sabuwar Kwamfuta

A ƙaramar tashar rediyon da na yi aiki a unguwar Television, akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ɗauke da hirarrakin da na yi da tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Yawancinsu sun rasu, kuma babu muryoyinsu a wani wuri, don kaset-kaset ɗin da na fara ɗaukar hirarrakin a kansu sun daɗe da lalacewa. Manhajar da ke kunna su a kan wannan kwamfutar kaɗai take aiki, kwamfutar kuwa ta fara mutuwa tana farfaɗowa.

Aka ɗauko wata injiniya 'yar Filato ta mayar da komai kan sabuwar kwamfuta mai tsarin aiki dabam. Ta ce manhajar tana zaune ne cikin wata kwamfuta ta kwaikwayo, don haka sai ta sake gina wannan, haɗe da ƙananan fayilolin da manhajoji ke tarayya a kansu, waɗanda take kira laburare. Kwana huɗu ta yi.

Da ta gama, ta kunna hirar wani dattijo ɗan Binuwai. Na san muryarsa, siririya ce. Abin da ya fito gurnani ne, kamar mai magana daga cikin rijiya. Muka gwada hirarraki goma, duk haka. Na kunna tsohuwar kwamfutar, ta ƙi tashi.

Muka tafi unguwar Kamazou wajen tsohon injiniyanmu mai ritaya, muka same shi yana ba kaji ruwa. Ya ce rikodar da ya kwashe kaset-kaset ɗin zuwa kwamfuta da ita ba ta jan kaset da gudun da ya kamata. Maimakon ya gyara ta, sai ya shiga laburaren sauti ya ƙara masa gudu. Laburaren da aka sa a sabuwar kwamfutar kuwa babu wannan ƙarin.

Injiniyar 'yar Filato ta ce, "Baba, a ina ka rubuta adadin?"

"Madam, ina nan kullum, me zan rubuta?"

Ya nuna ni da baki. Wai ya yi ta ƙarawa ne har muryata mai tambayoyi ta dawo daidai.

Muka koma tasha. Tana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, ina sauraren kaina ina yi wa dattijon sallama. A karo na bakwai na ɗaga hannu. Sai ga shi ya amsa, da siririyar muryarsa. Na sa ta rubuta adadin a wuri uku.