Layar Wasa a Motar Maigidana

Lokacin da abin ya faru ni direba ne a gidan wani Balarabe a unguwar Madinat Khalifa da ke Doha, aikina kai yara makaranta da kai uwargida unguwa. Ba na shan taba, ba na yawo. Cutata ɗaya ce, tsofaffin finafinan Cana na tsafi, irin waɗanda boka zai tayar da gawa ko ya sa mutum aman tsutsa, sai malamin Buda mai kai ƙwal ya fito da ƙaton carbinsa su kaure da duka da surkulle. Tun a gidan kallon unguwarmu a Zariya nake bin su, da na zo Doha kuwa waya ta ƙara lalata ni.

A finafinan akan liƙa wa gawa takarda rawaya mai jan rubutu a goshi, ta tsaya cak. Abokin ɗakina, wani mai gadi ɗan Gusau, in ya kwanta ko ganga ba ta tashinsa, sai na yanko takardu na yi musu jagwalgwalo da jan biro, ina manna masa ina ɗaukar hoto. Mun sha dariya. Ɗaya daga cikin takardun ta zame daga aljihuna a cikin mota, ta shige ƙarƙashin kujerar autar gidan, a makon da zazzaɓi ya kwantar da ita.

Uwargida ce ta tsince ta. Maigida ya kira ni falon baƙi, ya ajiye takardar a gabana, ya tambaye ni wa ya aiko ni, kuma me 'yarsa ta yi mini. Ya ce in ban yi masa bayani ba, zan yi wa 'yan sanda. A ƙasar nan ba a wasa da zancen sihiri. Na rantse, na nuna masa fim ɗin da hotunan abokina. Ya kalla ko murmushi bai yi ba, ya ce ya yarda, khalas, wato magana ta ƙare, amma matarsa ba za ta sake ba ni amanar 'yarta ba.

Aka mayar da ni tuƙin motar kaya a shagonsa. Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi. Kwanakin baya na hango ta da uwarta a kasuwar Souq Waqif, ta ɗago mini hannu da murnarta, uwar ta fizge ta suka sauya hanya. Wallahi wannan ya fi rage matsayin yi mini ciwo.

'Yan'uwa masu aiki a gidajen mutane, ku bar abin fim a cikin fim. Ni na san wasa nake yi, amma uwar da 'yarta ke kwance ba ta ga wasa ba, kuma har yau ban ga laifinta ba.