Naman Salla a Maƙogwaron Baffa Juli

Ranaku da yawa sun wuce ban san inda suka bi ba, amma washegarin Babbar Sallar bara waccan tana nan a raina, ba ta gushe ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, ku saurara. Ba ni da doguwar magana.

Sunana Illa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na yi haƙar rijiya, ta taɓa ruftawa da ni aka jawo ni da igiya. Na yi haƙar zinariya a arewa, na binne abokai da hannuna. Da ƙarfi ya fara ja baya na dawo Dakoro, na samu aiki a gidan tsofaffin nan, inda ake riƙon waɗanda ba su da kowa. Gardi aka ɗauke ni, wato mai gadin ƙofa, daga baya aka ƙara min ɗaga tsofaffi da kwantar da su da yi wa maza wanka. A samanmu akwai Majo Rakiya. Majo ita ce shugabar masu jinya, duk maganar lafiya a hannunta take, ko direkta ba ya tsallake ta. Ƴar guntuwar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba.

Dokarta ta abinci ba ta da wuya. Yawancinmu ba mu karatu, saboda haka da launi ta raba: mai iya tauna yana da kwano shuɗi, wanda ba shi da haƙora ko ciwo ya taɓa maƙogwaronsa yana da kwano ja, kuma duk abin da zai shiga jan kwano sai an daka shi ya yi laushi. Ba a ci a kwance. Ba a ci ba idon ma'aikaci. Abincin da aka kawo daga waje, ɗakin girki yake fara zuwa. Duk farkon wata tana tara mu a gindin bishiyar bedi mu gwada yadda ake ceton wanda ya shaƙe. Kullum ni ake zaɓa in zama wanda ya shaƙen, har mai girki takan ce, "Illa, yau ma kai za ka mutu mana?"

Baffa Juli Bafillace ne daga wajen Azagor. Fari ya cinye shanunsa, ƴaƴa suka watse, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Jan kwano gare shi. Amma yana da kunyar nan ta Fulani, ba ya cin abinci a gaban mutane. Da aka kawo shi, kwana da kwanaki sai ya ture kwanon. Majo ba ta karya dokarta ba, ba ta kuma keta kunyarsa ba. Ta sa aka kafa masa zana a kusurwar rumfa, ya juya wa duniya baya ya ci, ni kuma in zauna gefe ina tufkar igiya, ina ganin wuyansa ta kafar zana. Ni Babarbare ne, shi Bafillace, saboda haka zagi ne gaisuwarmu. Yana ce min bawansa, ina ce masa mai sanda ba saniya.

Kun san al'adarmu: ranar Salla a gasa rago a tsaye gaban wuta, washegari a raba. Da hantsi ƙofar gidan ta cika da masu kawo sadaka. Ina tsaye ina karɓar kwanuka ina turawa ɗakin girki, sai ga Majo cikin shaddar Salla, hannu duk lalle.

Na ce, "Majo, ba hutu kike ba?"

Ta ce, "Ranar nama ba ni da hutu."

Cikin baƙin akwai Alhaji Mamman, dillalin shanu, wanda ya san Baffa Juli tun yana da garke. Ya kawo cinya guda, ya ba ni a ƙofa kamar kowa. Ashe akwai wata tsoka da ya naɗe a aljihu. Ba da mugun nufi ba. A wurinsa, ladar tana cikin ya danƙa wa amininsa hannu da hannu. Ya durƙusa suka gaisa, ya zura masa ita a tafi. Baffa rabonsa da tsokar nama tun kafin ciwo. Ya kai ta ƙarƙashin rawani zai ɗan tsotsa, sai ga ayarin mata sun zagayo gaida shi. Kunya ta kama shi. Ya jefa ta baki gaba ɗaya ya haɗiye. Duk wannan daga baya na ji.

Bai yi ihu ba, bai buga ƙasa ba. Fuska kawai ya mayar bango.

Majo tana tsakiyar gaisawa da wata hajiya, sai na ga ta yar da jakarta ta sheƙa da gudu. Ni ban ga komai ba. Ita ta ji an ce "Barka da Salla, Baffa," ba a amsa ba, alhali shi mutum ne mai jan gaisuwa.

"Baffa, yi tari!" Ba sauti. Ido ya fito, hannunsa mai lafiya yana kan wuya.

Alhaji ya rarumo buta. Ta daka masa tsawa, "Ajiye butar nan, Alhaji! Ruwa ƙarasa shi zai yi!" Wata tsohuwa ta miƙa yatsa za ta zura masa a baki, ta doke hannun. Ta sunkuyar da shi gaba, ta dinga dukan tsakanin kafaɗunsa da gindin tafi. Babu. Leɓensa ya koma launin toka.

"Illa, ɗaga min shi!"

Na sa hannu ƙarƙashin hammatarsa na miƙar da shi tsaye. Ta zagaya baya, ta rungume shi, ta dunƙule hannu a saman cibiyarsa, ta fizgo ciki da sama. Ta sake. Kallabinta ya faɗi a gaban maza, ko kallonsa ba ta yi ba. Na ji wani yana cewa, "Subhanallahi, mace ta rungumi dattijo!" Mata sun fara salati.

Ni na san fuskar wanda zai tafi. Na gan ta a ƙasan rijiya, na gan ta a ramin zinariya, kuma ga ta a gabana. Jikinsa ya yi nauyi a hannuna. A zuciyata na riga na yi inna lillahi.

Ta ce, "Riƙe shi, Illa. Bai tafi ba."

Ta kafa ƙafa, ta fizgo da duk ƙarfin da Allah ya ba ta. Tsokar ta yi tsalle ta bugi ƙirjina. Numfashi ya shiga shi da ƙara kamar zugazugin maƙeri.

Na ga an jawo mutane daga rami, amma da igiya da ƙarti goma. Ban taɓa ganin an ƙwato rai da hannu biyu masu lalle ba.

Abin da Baffa ya fara yi shi ne jawo rawani ya rufe baki. Can ya ce da ƙyar, "Bawana, kai ka cinye min nama?"

Na ce, "Ga shi nan a rigata. Ko a bakin kabari rowa kake."

Majo ta ɗaura kallabinta. Ta sa aka kai shi likita a duba, domin matsar nan tana iya taɓa wani abu a ciki, kuma doka ce ko mutum ya ce lafiyarsa lau. Alhaji yana zaune a ƙasa hula a hannu, yana cewa, "Ɗiyata, da hannuna na kusa kashe aminina."

Na ɗauka za ta hana shi ƙofar gidan. Ba ta yi ba. Ta ce, "Tashi, Baba, zo ka gani." Ta kai shi ɗakin girki, aka yanki cinyar da ya kawo, aka dafa ta ligif, aka kirɓa a turmi, aka sassauta da romo. Da la'asar aka dawo da Baffa ba abin da ya same shi. Ta zuba a jan kwano ta miƙa wa Alhaji.

"Ga shi. Hannunka da nasa. Ladarka ba ta ragu ba."

Alhaji ya kai masa bayan zana, ya danƙa masa, ya juya baya ya tsaya yana share ido da bakin riga. Ni na zauna gefe. Baffa ya lashe kwanon tas.

Abin da na ɗauka daga ranar ke nan. A gidan nan ba mugu ne abin tsoro ba, mugu a ƙofa muke tsayar da shi. Mai ƙauna shi ke wucewa, da alherinsa a aljihu. Kada ku kore shi, ku nuna masa turmi. Kuma tsohon da ya shaƙe ba zai kira ku ba, wani don ba iska, wani don kunya. Idan aka gaida tsoho kuka ji bai amsa ba, ku ajiye abin da ke hannunku ku tashi.